Tanbihi a kan zaƙami da hukuncin abin da ke ɓata hankali

Godiya ta tabbata ga Allah da ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wanga taƙaitaccen bayani ne ga almajiran Garbadu da na Mafara da Bakura da Maradun, a kan wani tsiro da ke fita bayan gidajenmu kowace damina, yara na wasa kusa da shi, samari na ruɗuwa da shi.

Fasali na farko, cikin siffarsa.

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah shi yi maka jinƙai, zaƙami shi ne Larabawa ke kira jauzu masil, Hausawa kuwa sunka yi masa laƙabi haukata-yaro. Tsawonsa kamu biyu ne ko uku. Ganyensa da faɗi, in ka murza shi sai ka ji wari. Furensa dogo ne, bakinsa a buɗe kamar na kakaki, fari ko mai sirkin shuni, shina buɗewa da maraice. Ɗansa dunƙulalle ne kamar ƙaramin lemo, da gajerun ƙayoyi a jiki, cikinsa cike da ƙwayoyi masu faɗi. Shina son juji da kango da tsohon garke. Mun siffanta shi ne domin ka tuge shi in ka gan shi inda yara ke kai da kawowa, kuma kada irinsa shi shiga cikin hatsi wajen girbi.

Fasali na biyu, cikin aikinsa ga jiki.

Dukkansa dafi ne, saiwa da ganye da fure, ƙwayar kuwa tana cikin mafi tsanani. Likitoci sun sami abubuwa a cikinsa, daga ciki akwai atrofin da sikofolamin, masu tare saƙon jijiyoyi. Wanda ya sha, bakinsa shi bushe, baƙin idonsa shi buɗe har shi kasa kallon haske, jikinsa shi yi zafi babu gumi, zuciyarsa ta yi gaggawa, fitsari shi tsaya. Sa'an nan shi riƙa zance da wanda babu, shina tsintar abu a iska, ba shi gane uwarsa. Wani shi kwana biyu a haka, in ya farka ba shi tuna kome. Wani farfaɗiya ta kama shi, wani ba shi farkawa. Ƙarfin dafin kuwa shina saɓawa daga tsiro zuwa tsiro, saboda haka babu mai iya ce maka ga gwargwadon da ba shi cutarwa. A shekara ta 2019, a Karamoja ta ƙasar Yuganda, irin wani ɗan'uwansa ya cuɗu da garin abinci, fiye da mutum 200 sunka kwanta, 5 sunka rasu.

Fasali na uku, cikin hukuncinsa.

In wani ya ce, ai wanga ciyawa ce, ba giya ba, ina haramcinta? Sai mu ce, Shihabuddini Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar, wanda ya rasu a 684 bayan hijira, daidai da 1285, ya raba masu taɓa hankali kashi uku cikin littafinsa Alfuruƙ. Na farko muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi, kamar giya. Na biyu mufsid, mai dagula hankali ba tare da nishaɗi ba. Na uku murƙid, mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Muskir najasa ne, akwai haddi a kansa, kaɗan ɗinsa da mai yawansa haram. Sauran biyun kuwa ba najasa ba ne, babu haddi, amma shan abin da ke taɓa hankali daga cikinsu haram ne, alƙali shina ladabtar da mai yi.

To zaƙami ba muskir ba ne. In ya taɓa tufanka sallarka ta inganta, amma tsarkin abu ba shi halatta hadiye shi. Kuma ya haɗa ɓarna biyu, ɓata hankali da halaka rai, dukansu kuwa suna cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Wanda ya sha da gangan alwalarsa ta warware, shina rama sallolin da sunka wuce shi, tuba ta wajaba gare shi. Wanda anka zuba wa cikin kunu ko zoɓo wajen biki bai sani ba, babu zunubi a kansa, alhaki shina wuyan mai zubawa, ko da ya ce wasa shike yi. Amma abin da likita ya tace ya auna, kamar atrofin da ake ba manomin da maganin feshi ya buge, wannan magani ne halal.

A kan haka za ka auna laimar kwaɗi da ke tsirowa bayan ruwa. Wata tana ɓata hankali, wata tana kashe hanta, dafuwa ba ta karya dafinta. Wadda ba ka sani ba, bar ta.

Fasali na huɗu, cikin abin yi.

Sau da yawa akan ce aljanu ne, a kira almajiri shi yi tofi, dare shi yi nisa yaro na ƙonewa da zafi. In anka kira ka, dubi idonsa, taɓa fatarsa, tambayi abin da ya sha da waɗanda sunka sha tare da shi. In alamun sun haɗu, ka yi addu'a kuna bisa hanyar asibiti, ku tafi da ragowar abin shan. Kada a doke shi, kada a ɗura masa nono ko manja, don kada shi shaƙe. A nisanta shi da rijiya da wuta, a shafa masa tsumma mai sanyi, in ya suma a kwantar da shi bisa gefensa.

Allah shi tsare mana hankulanmu da na ɗiyanmu. Allah ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.