Kafin Likitan Ido Ya Iso

Mai walda da tartsatsin ƙarfe ya shige masa ido, ko lebura da siminti ya fantsamar masa a fuska, ba asibitin ido ake fara kai shi ba. Ɗakin karɓar masu haɗari na asibitin da ya fi kusa ake dosa, a Legas ne ko Kano ko Fatakwal. Wanda zai fara taɓa idon nan kuwa ma'aikacin jinya ne ko ƙaramin likita, kuma sau da yawa abin da ya yi cikin minti goma na farko shi ke tsai da ganin mutum ko ya tafi da shi.

Saboda haka ne masana suka daɗe suna neman hanyar auna shirin waɗannan ma'aikata. A ƙasar Ingila an yi wa ƙananan likitocin ɗakunan gaggawa tambayoyi, aka buga sakamakon a 1997. Fiye da rabinsu suka ce ba su amince da kansu sosai wajen lura da ciwon ido na gaggawa ba. Aka sāke binciken, aka buga a 2008, sai aka tarar kusan jiya i yau. Wannan fa a ƙasar da ba ta rasa kayan aiki ba ke nan.

Amma tambaya a takarda ba ta isa ma'auni ba, domin mutum yana iya cewa ya iya, hannunsa bai iya ba. Gwajin gaskiya shi ne a tsai da ma'aikaci gaban majiyyaci a gani. In ruwan batir ne ko soda ko siminti, shin zai fara zuba ruwa mai tsabta nan take, ya buɗe fatar idon, ya yi ta wankewa wajen rabin sa'a, ko kuwa zai tsaya yankan kati? Shin ya san soda da siminti sun fi ruwan batir ɓarna, tun da suna ratsa ƙwayar ido su ci gaba da ci? In kuwa ƙusa ce ko tsinke ya huda ido, dole ya san ba a cirewa, ba a dannawa, ba a sa man shafawa. Sai a kifa wani abu mai kamar ƙoƙo a kai, a hana mutum abinci don aikin tiyata, a tura shi wurin ƙwararru. Akwai kuma auna ƙarfin gani da allon haruffa, aikin da ba ya cin minti biyar, amma shi aka fi mantawa.

Sa'an nan a leƙa ɗakin kansa. Ma'aikacin da ya san aiki, amma babu allon a bango, babu tocila mai batir, shi ma bai shirya ba.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna makafi sun haura miliyan ɗaya cikin masu shekara 40 zuwa sama, kuma mafi yawan makantar ana iya kauce mata. Manyan wuraren ido kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ECWA a Kano suna da ƙwararru, sai dai tsakaninsu da majiyyacin ƙauye akwai tafiyar yini guda. Kafin ya isa ma, wataƙila an riga an ɗiga masa ruwan sukari ko nono a gida.