Wa Ya Sayar da Ɗan Gida?

Daren Juma'a, 30 ga Agusta 2024, babu wani wasan da ya tara mu, amma teburin mai shayin unguwarmu ya cika maƙil. Kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Ƙarfe 11 na dare za a rufe kasuwar 'yan wasa a Ingila, kuma a irin wannan watan agogonmu da na Landan ɗaya ne. Wani matashin tela, ɗan Chelsea na gani-kashe-ni, ya bar shayinsa har ya huce, sai jan allon waya yake yi da babban yatsa, yana jiran ya ga an ce Victor Osimhen ya sa hannu. Sha ɗaya ta buga, shiru. Ya kife wayar a kan benci ya dube ni ya ce, "Wallahi Malam, mutanen nan ba sa son mu da alheri. Kuɗi ne ba su da shi?"

Kuɗi kam akwai, domin tun da sababbin masu ƙungiyar suka karɓe ta a 2022 sun kashe sama da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa. Abin da ya watsa cinikin, kamar yadda aka ruwaito, batun albashi ne. Amma abin da ya fi ƙona ran masu kallo a nan shi ne wanda ya biyo baya: ƙungiyarsa Napoli ta cire sunan Osimhen daga jerin 'yan wasan da ta yi wa rajista a gasar Italiya. Mutumin da ya ci ƙwallo 26 a kakar 2022/23, ya kawo musu kofin da suka shekara 33 suna jira, ya zama gwarzon Afirka a 2023, shi ne aka wayi gari ba shi da izinin taka fili. Allah ya sa kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna, Galatasaray ta ɗauke shi aro, daga baya ta saye shi Yuro miliyan 75 a 2025.

Wannan jerin sunaye shi ne abin da yawancinmu ba mu cika lura da shi ba, ga shi kuwa rabin rigimar da muke yi a gidajen kallo daga can take tasowa. Ba duk wanda ƙungiya ke biya albashi ne ke da ikon buga mata wasa ba. A Firimiya, tun daga kakar 2010/11, kowace ƙungiya kan miƙa sunayen manyan 'yan wasa da ba su wuce 25 ba bayan an rufe kasuwa. A cikinsu, waɗanda ba 'yan gida ba kada su haura 17. Yaran da ba su wuce shekara 21 ba ba sa cikin lissafi, ko nawa ne a zuba su.

Kalmar "ɗan gida" a nan tana ruɗa mutane, don ba ruwanta da fasfo ko inda aka binne cibiya. Ɗan gida shi ne wanda ya yi kaka uku, ko wata 36, a wata ƙungiya ta Ingila ko Wales kafin ya cika shekara 21. Shi ya sa Cesc Fabregas, ɗan Sifaniya, ɗan gida ne. Alex Iwobi, haifaffen Legas da ke buga wa Super Eagles, ɗan gida ne, saboda a Arsenal ya tashi. Eric Dier kuwa, wanda ya sha sanya rigar ƙasar Ingila, baƙo ne a idon dokar, don a Sporting ta Fotugal aka rene shi.

Har yau akwai 'yan Arsenal a garin nan da ba su yafe abin da aka yi wa Mesut Özil a Oktoban 2020, lokacin da aka cire sunansa daga jerin, ba. Da yawa sun haƙiƙance cewa maganar da ya yi a kan Musulmin Uighur na ƙasar Sin a Disamban 2019 ce ta jawo masa, koci Mikel Arteta kuma ya ce shi dalilan ƙwallo ya duba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin baƙin da Arsenal ta tara sun wuce 17 da mutum biyu, dole biyu su zauna. Doka ce ta ce a ajiye biyu, amma ba ita ta zaɓi Özil da Sokratis ba, mutum ne ya zaɓa. Don haka mai cewa "ai doka ce" bai faɗi duka ba, mai cewa "ƙiyayya ce tsantsa" shi ma ya tsallake wani abu. Irin haka ta faru da Aubameyang a Fabrairun 2023, lokacin da Chelsea ta yi sayayya kamar ba gobe a watan Janairu, alhali sababbi uku kaɗai aka yarda a ƙara a Gasar Zakarun Turai. Aka shigar da Enzo Fernández da Mudryk da João Félix, shi kuma aka zare sunansa don a samu gurbi.

Ni dai ina goyon bayan dokar ɗan gida, kuma hujjata tana wurin Chelsea ɗin nan. A 2019 FIFA ta hana ta sayen 'yan wasa saboda karya ƙa'idar ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 18 daga ƙetare. 'Yan Chelsea suka yi ta salati, wai kaka ta lalace tun ba a fara ba. Da rashin uwa akan yi uwar ɗaki: koci Frank Lampard ya waiwayi yaran makarantar ƙungiyar, Mason Mount da Tammy Abraham da Reece James da Fikayo Tomori, suka ƙare a na huɗu. Bayan shekara biyu, Mount ɗin nan ne ya zura wa Kai Havertz ƙwallon da ya ci Manchester City a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Yaran nan suna nan tun tuni, rufe kasuwa ne ya sa aka gan su.

To ina Mount yake yanzu? An sayar da shi ga Manchester United a 2023, fam miliyan 55. Yaron da ya shiga Chelsea yana ɗan shekara shida. A nan ne wata doka ta daban ta shigo, kuma ita ce nake ganin ta cancanci fushin magoya baya.

Firimiya ta kafa ƙa'idar cewa kada ƙungiya ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku. Niyyar mai kyau ce, don an ga yadda Portsmouth ta durƙushe a 2010 saboda bashi. An daɗe ana ɗaukar ƙa'idar kamar barazana ce kawai, sai a Nuwamban 2023 aka kwashe wa Everton maki 10, wanda aka rage zuwa shida bayan ɗaukaka ƙara. A Maris na 2024 Nottingham Forest, inda Taiwo Awoniyi da Ola Aina suke, ta rasa maki huɗu. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa.

Matsalar tana cikin yadda akawu ke rubuta ciniki a littafi. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa, ba a rubuta kuɗin gaba ɗaya a shekara guda, rarraba shi ake yi bisa tsawon kwantiraginsa. Enzo ya zo a kan kusan fam miliyan 107 da kwantiragin shekara takwas da rabi, ka ga a littafi abin bai kai miliyan 13 a shekara ba. Wannan dabarar ce ta sa hukumar ƙwallon Turai ta ƙayyade rarrabawar zuwa shekara biyar a 2023, Firimiya ma ta bi sahu. Idan kuma sayarwa aka yi, ribar a take ake rubuta ta, wato abin da aka karɓa a cire abin da ya rage na kuɗin sayensa. Yaron da ka rena da hannunka ba ka saye shi ba, babu abin cirewa, duk abin da aka ba ka riba ce zalla. Kamar mai kiwo ne da bashi ya taso masa: ragon da ya sayo a kasuwa ribarsa kaɗan ce, wanda aka haifa a garkensa shi zai fara kaiwa kara.

Haka aka yi. A ƙarshen Yunin 2024, ana gab da rufe littafin shekara, Newcastle ta sayar da Elliot Anderson, ɗan yankinta, ga Forest, kocinta Eddie Howe bai ɓoye cewa ba da son ransa ba ne. Chelsea ta tura Conor Gallagher Atletico Madrid, bayan ya shafe yawancin kakar da ta wuce da ƙyallen kyaftin a damtsensa. A ranar nan da muke zaune wurin mai shayi muna jiran labarin Osimhen, Manchester United ta miƙa wa Napoli Scott McTominay, wanda ya shiga hannunta yana ɗan shekara biyar. Kafin shekara ta zagayo ya ɗauki kofin Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar.

Dokoki biyu ke nan suna jan igiya ɗaya ta fuska biyu. Ɗaya ta ce ka reni naka, ɗayar ta sa sayar da shi ya zama hanya mafi sauƙi ta gyara lissafi. Ina ganin wannan kuskure ne babba, kuma ban yarda da masu cewa mai kallo bai san komai ba sai hayaniya. Gaskiya ne yakan ɗora wa koci laifin da ba nasa ba, yakan kuma nemi a sayo kowane suna da ya ji ba tare da tambayar wa za a cire ba. Amma zafin da yake ji idan aka sayar da yaron da ya girma a gabansa, zafi ne mai tushe. Mutum ba ya bin ƙungiya shekara ashirin saboda littafin akawu, fuskoki yake bi. Mu da muka ga yadda filin Sani Abacha ya ɗauka lokacin da Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars mun san abin da ɗan gida yake nufi.

Magoya bayan da ke can suna da bakin magana. A Afrilun 2021, da manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da gasarsu ta Super League, mutane suka fito titi a ƙofar Stamford Bridge, cikin kwana biyu ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. Mu a nan namu shi ne kuɗin shiga gidan kallo, da na data, da musun da kan kai mu tsakar dare. Babu mai tambayarmu, duk da cewa yawan masu kallo irinmu a faɗin duniya na cikin abin da ya sa haƙƙin nuna Firimiya a ƙetare ya yi tsadar da ya yi.

Kwanakin baya na kai ɗinki shagon telan nan. A jikin bango, sama da kekensa, ya rataye tsohuwar riga shuɗiya mai lamba 19 da sunan Mount, har lambar ta fara ɓarewa. Na tambaye shi me ya sa bai sauke ta ba, tunda mai ita ya koma wurin abokan hamayya. Bai ɗago daga ɗinkin ba ya ce, "Ai Malam ba shi ya tafi ba, sayar da shi aka yi."