Gada ma tana da murya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gada a hanyar Funtua zuwa Gusau, wadda ta ratsa Mairuwa da Sheme da Yankara a ƙaramar hukumar Faskari, daidai lokacin da tirela maƙare da masara ke wucewa, ya san abin da ƙafarsa ke ji. Karkarwa ce ke tasowa daga tafin ƙafa, ta hau gwiwa, ta lafa bayan motar ta yi nisa. Wasu kan ce gadar ta kusa cin mutane. A'a, lafiyayyar gada ma tana rawa. Abin tsoro shi ne ranar da rawar ta sauya salo.

Mai sayen tukunya ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa: mai lafiya amonta garau, mai tsaga kuwa muryarta a dushe. Abin da injiniyoyi ke yi wa gada ke nan, sai dai da na'ura. Kowane gungumen kankare ko ƙarfe da aka ɗora tsakanin ginshiƙai biyu yana da adadin lilon da yake yi a daƙiƙa guda, kuma abu biyu ne ke tsayar da adadin: nauyinsa da taurinsa. Nauyi ba ya cika canzawa. Tauri kuwa tsaga na cin sa, tsatsar rodi na cin sa. Idan taurin ya ragu da kashi 10 cikin 100, lilon zai ragu da kusan kashi 5. Don kama wannan bambanci ake liƙa wa gada ƙananan na'urori masu jin motsi, dangin wadda ke juya hoto a wayarka idan ka karkatar da ita, su riƙa tura abin da suka ji zuwa kwamfuta. Ba sai an rufe hanya ba, motoci da iska sun isa su kaɗa gadar.

To amma kada a zuzuta abin. A 1993 masu bincike sun samu wata gada da za a rushe a kan kogin Rio Grande, a birnin Albukaki na Amurka, suka riƙa yanka ɗaya daga cikin manyan ƙarafunanta mataki-mataki har sau huɗu. Lilon bai nuna wani canji na a zo a gani ba sai a yanka na ƙarshe, lokacin da ɓarnar ta kai wadda ido ma zai gani. A Suwizalan kuma, daga ƙarshen 1997 zuwa 1998, an saurari gadar Z24 kusan shekara guda, aka tarar sanyin da ke daskarar da kwalta yana sauya lilon fiye da wasu raunukan da aka yi mata da gangan. Mu nan ba mu da irin wannan sanyi, amma tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara akwai tazara, kuma kankare na jin ta. Wanda bai san muryar gada a kowane yanayi ba zai yi ta ihun banza.

Inda nake ganin dabarar za ta fi yi mana rana shi ne a gindin gada. Yawancin gadojin karkararmu gajeru ne, kuma babban abokin gabarsu ruwan Agusta ne. Rafin da ke bushe ƙayau da rani, har yara na ƙwallo a cikinsa, shi ne ke tasowa da damina yana kwashe yashin da ke riƙe da ginshiƙi, ga kuma masu ɗibar yashi da tifa da suka riga suka rage masa aiki. Ramin yana ƙarƙashin jan ruwa, ba mai ganinsa, kuma idan ruwa ya ja sai sabon yashi mara ƙarfi ya rufe shi. Sama sumul, ƙasa rami. Amma ginshiƙin da aka tone wa gindi yana lilo a hankali fiye da da, kuma na'ura na jin haka tun ruwan na gudu. Waɗanda suka sha wahalar karyewar gadar Tatabu a hanyar Mokwa zuwa Jebba a 2017 sun san abin da rasa gada ɗaya ke yi wa sufuri tsakanin Arewa da Kudu.

Akwai kuma dalilin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Matsalar 'yan bindiga ta sa ba kowane lungu na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara injiniya zai shiga da tsani da guduma ba, don haka na'urar da za ta aiko da rahoto daga nesa ta dace. Sai dai tana buƙatar farantin sola da batirin da ba za a sace ba, da kuma sabis, alhali a Satumbar 2021 an katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi uku tare da wasu goma. Dole ta iya adana bayanai har sabis ya dawo. Sannan a ofishin hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, ko ma'aikatar ayyuka ta jiha a samu mutum takamaimai da aikinsa shi ne duba alƙaluman, wanda kuma ke da ikon tare hanya ya hana tireloli hawa kafin a gama rubuta wasiƙa zuwa Abuja.