JEGA, ALIERO DA MAIYAMA: TARIHIN DA TAKARDAR SHAIDA BA TA FAƊA

Daga Wakilinmu

Duk ɗalibin da ya taɓa neman shiga jami'a, ko ma'aikacin da ya taɓa neman aikin gwamnati, ya san takardar nan ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A kanta ne ake rubuta cewa wane ɗan Jega ne, ko ɗan Aliero, ko ɗan Maiyama, a buga hatimi, shi ke nan an gama. To, amma idan aka tambayi yaron da ke riƙe da takardar wane ne ya kafa garin da aka rubuta masa, ko me ya sa ake kiran hakimin Jega Sarkin Kabi alhali kuwa ƙasar tana cikin masarautar Gwandu, sau da yawa sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Waɗannan garuruwa uku suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora. Matafiyi in ya wuce Tambuwal zai fara isa Aliero, sa'an nan Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu, daga nan kuma ya gangara kudu zuwa Maiyama. Kowanensu yanzu hedkwatar ƙaramar hukuma ce, dukansu kuwa suna ƙarƙashin Sarkin Gwandu.

Labarin Jega bai fara a Jega ba. Ya fara ne daga wani malami Ba'are mai suna Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da zama ya yi wuya ga jama'ar Shehu a ƙasar Gobir, sai wannan malami ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana, a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yunfa ya aika da runduna ta faɗa wa Gimbana, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan ne ya fusata Yunfa, har ya kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Watau ke nan wutar jihadin da ta sake fasalin ƙasar Hausa baki ɗaya, a kan mutanen Gimbana ta fara kamawa.

Sai dai zumuncin bai ɗore ba. Bayan an ci nasara an raba ƙasa, Abdussalami ya ga rabon da aka ba shi bai kai gwargwadon wahalar da ya sha ba. Da Shehu ya rasu a 1817, sai saɓani ya fito fili tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka yi ta musayar wasiƙu, abin ya faskara, daga ƙarshe aka yi yaƙi a Kware, inda Abdussalami yake zaune. A farkon 1818 aka ci garin, shi kuma ya fita da rauni, ya rasu a wajen Bakura. Sauran mabiyansa suka taru a Kalambaina, suka ƙi bin Malam Abdullahi na Gwandu, sai da Bello ya kawo wa baffansa gudummawa sa'an nan aka murƙushe su.

A nan ne abin mamaki yake. Ɗan wannan malami, Buhari, maimakon ya ci gaba da gaba, sai ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka yarje masa ya zauna da jama'ar mahaifinsa a bakin Gulbin Zamfara. Wannan zama, a wajen 1820, shi ne asalin garin Jega, kuma shi ya sa har gobe ake kiran zuriyar waɗancan mutane Gimbanawa. Sarautar Sarkin Kabin Jega daga nan ta samo tushe. Mai karatu zai tuna cewa tun 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, sarakunan Kabi na gidan Kanta suka watse, daga baya suka kafu a Argungu. Saboda haka kiran wani bagimbane Sarkin Kabi a ƙarƙashin tutar Gwandu magana ce ta siyasa, wadda kowa a wancan zamani ya fahimci inda ta dosa.

Abin da ya ɗaukaka sunan Jega kuwa, kasuwa ce. A cikin ƙarni na 19, musamman wajen ƙarshensa, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato. Fatake masu zuwa Gwanja saro goro sukan yada zango a nan kafin su haye Kwara su ratsa ƙasar Bargu zuwa Salaga. Ana kawo gishiri daga Foga, da kanwa, da tufafin saƙi da na rini, da fatu, da dabbobi. Ana kuma sayar da bayi, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba don kunya. Yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Argungu da Gwandu, tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849, sun sa fatake neman gari mai ganuwa da aminci, Jega kuwa ta samar musu da shi.

Wannan hanya ta goro ta mutu a hankali. Ingilishi sun ci Asante da yaƙi a 1874, Salaga ta fara lalacewa, kana jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi. Jakunan fatake suka rasa aiki. Amma halin ciniki bai bar Jega ba, don kuwa har yau mahaɗar hanyoyi ce, kuma fadamar gulbinta tana ba da shinkafa rani da damina, ko da yake ambaliya, irin wadda aka yi a 2020, takan kwashe wahalar shekara guda a dare ɗaya.

Ita kuwa Aliero, da albasa aka san ta. Da rani ake nomanta ta hanyar ban-ruwa, kuma in kaka ta yi za ka ga manyan motoci suna lodi zuwa Ikko da Anaca da sauran biranen kudu. Matsalar manomin albasa ɗaya ce tun kaka da kakanni: lokacin da kowa ya cire tasa, farashi ya faɗi, in ya ce zai ajiye ta a rumfar kara har ta yi tsada, zafi da laima su ruɓar da wani kashi mai yawa. Garin ya kuma yi suna wajen ɗori, har daga nesa akan kawo wanda ya karye. A 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A ganina, babu wani bincike da ya fi cancanta wannan jami'a ta sa a gaba kamar yadda za a adana albasar da ake nomawa a bayan katangarta.

Maiyama ƙasa ce ta manoman gero da dawa da shinkafa, da garuruwa irin su Mungadi da Andarai da Sambawa. Ko da yake maƙwabciyar Jega ce ta ƙut da ƙut, a majalisar wakilai ta tarayya an haɗa ta da Koko/Besse, Jega da Aliero kuma aka haɗa su da Gwandu.

Irin wannan yanka da ɗinki ba sabon abu ba ne a nan. Dattijon da aka haifa a Jega a 1957, kamar Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, an haife shi ne a Lardin Sakkwato na Jihar Arewa. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ɗan Jihar Sakkwato, a shekarar da aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi, sa'an nan ran 27 ga Agusta, 1991, ya wayi gari ɗan Jihar Kebbi. Suna huɗu ke nan, alhali garin haihuwarsa bai motsa ko taku ɗaya ba. Su kansu Turawan da suka kawo mana lardi da gunduma sun ɗanɗana irin wannan a gida. A 1974 gwamnatin Ingila ta soke wani ɗan ƙaramin lardi mai suna Rutland ta haɗe shi da maƙwabcinsa, mutanensa suka ƙi sakin sunan, suka yi ta ƙorafi har aka mayar musu da shi a 1997.

Abin da ya kamata ɗalibanmu na tarihi su lura da shi shi ne wannan. Kusan duk abin da aka rubuta game da rikicin Abdussalami ya dogara ne a kan littafin Sardul Kalami, wanda Muhammadu Bello ya wallafa da kansa, kuma shi ne ɗaya ɓangaren a rikicin. Littafi ne mai daraja, har ya kawo wasiƙun abokin hamayyarsa, amma dai bakin mai nasara ne. Rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomin Gwandu suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, rubuce-rubucen malaman jihadi kuma suna cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Waɗannan za su jira mai nema. Yadda Gimbanawa da kansu suke ba da labarin Gimbana da Kware da Kalambaina kuwa, mafi yawansa yana bakin tsofaffi ne a zaurukan Jega, kuma daga Aliero, inda jami'ar take, zuwa waɗannan zauruka tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba ce a mota.