Mashayi da Dillali: Wane Hukunci Ya Dace?

Yau za mu taɓo muhawarar da ƙasashen duniya ke yi a kan hukuncin shaye-shaye. Kada wata ta ce wannan zancen 'yan boko ne, domin wanda hukuncin zai hau kansa ɗan wata ne a cikinmu.

A shekarar 1961 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa irin su wiwi da hodar ibilis ba za a taɓa su ba sai don magani ko bincike. A 1971 aka ƙara da ƙwayoyi masu juya hankali, a 1988 kuma aka matsa wa masu safara. Nijeriya na ciki, har ta kafa hukumar NDLEA a 1989. To amma girman hukunci, kowace ƙasa ita ke yanke nata, kuma a nan aka rabu gida uku.

Na farko su ne masu tsanani. Saudiyya da Singafo suna kashe mai safara. Mu ma an taɓa yi, don a 1985, zamanin soja, an harbe mutum uku a Legas, kafin a soke hukuncin a 1986. A 2024 Majalisar Dattawa ta sake tayar da zancen. Hujjarsu ita ce mai sayar da guba ba mutum ɗaya yake kashewa ba. Masu suka kuwa suka ce galibi 'yan aike ake kamawa, manyan suna gida, sannan wanda aka kashe bisa kuskure ba ya dawowa. Kun tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018, saboda an liƙa sunanta a jakar da ba tata ba? Sai a 2019 gaskiya ta fito aka sake ta.

Na biyu suka ce a raba mashayi da dillali. Tun 2001, a ƙasar Fotugal, wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ba a kai shi kurkuku. Gaban wani kwamiti ake kai shi, a duba halinsa, a tura shi wajen magani ko a ci shi tara. Dillali kuwa ɗauri ne.

Na uku, kamar Kanada a 2018, halatta wiwi suka yi wa manya. Mu dai wannan ba hanyarmu ba ce, addini ya haramta duk abin da ke sa maye.

To ina muka tsaya? Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana sha ko yana riƙe da ita. Duk da haka, binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a ƙasar nan, kuma cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ashe tsananin doka kaɗai bai isa ba.

Uwargida, ga naki rabon. Idan kin ga yaronki ko yarinyarki sun canza, barci ba ƙa'ida, kuɗi na ɓata a ɗaki, kada kunya ta sa ki rufe. Ki faɗa wa maigida, a nemi likita. Akwai asibitin koyarwa na Shika, akwai na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Barnawa. Mari da duka ba magani ba ne, mun ga halin da aka samu ɗaruruwan mutane a wani gidan mari a Rigasa a 2019. Sannan in Allah Ya kira ki Hajji ko Umara, kada ki karɓi saƙon da ba ki buɗe kin gani ba, ko na wane ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a.