FASHIN BAƘI: Yadda ake barin madafa a baya wajen gyaran gida a Ikara, Makarfi da Kudan

Da zarar an kwashe masara da dawa daga gona, raken Makarfi da Kudan kuma ya fara fita kasuwa, sai aikin gini ya kankama a garuruwan arewacin Jihar Kaduna. A rushe katangar ƙasa a tada ta bulo, a sauke azara a aza kwano, a shafe zaure da siminti. A Hunkuyi ne ko Ikara ko cikin garin Makarfi, jerin yadda kuɗin ke tafiya kusan ɗaya ne: ɗakin maigida, falo, ɗakin amarya idan akwai biki a gaba, sannan banɗaki. Madafa sai da ragowar bulo da ragowar kwano, a kusurwar da ba a sama mata wani amfani ba.

Alhali kuwa babu ɗakin da ya kai ta tasiri ga lafiyar mutanen gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, daga ciki har da yara fiye da 237,000 da ba su kai shekara 5 ba. Ciwon huhu ne kan gaba wajen kashe yaran. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san dalili: mai girki ba ita kaɗai take shaƙar hayaƙi ba, har da goyon da ke bayanta.

Gyaran da ke tare hayaƙi

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, sau da yawa gyaran ne da kansa ke ƙara wa matsalar nauyi. A tsohon tsari, murhu na tsakar gida ne ko ƙarƙashin rumfa, inda iska ke kwashe hayaƙi tun kafin ya taru. Wahalarsa ruwan damina da zafin rana. Sai mai gyara ya zo da kyakkyawar niyya, ya gina ɗan ɗaki na bulo mai ƙofa ɗaya da taga kamar tafin hannu, ya rufe da kwano ƙasa-ƙasa, sannan a kwaso duwatsun murhun nan uku a shigar da su ciki. An tsira daga ruwa, an kuma kulle mai girki da hayaƙinta a akwati guda. Baƙin kunkunniyar da ke rufe bangon cikin 'yan watanni shaida ce ta abin da ke shiga ƙirji.

Hayaƙi mai zafi sama yake yi, don haka mafitarsa ta zama a sama: rata tsakanin ƙarshen bango da rufi, ko layi biyu na bulo mai huda a can ƙololuwa. Ana kuma bukatar mashigar iska a ƙasa, a bangon da ke fuskantar wancan, domin iska ta ratsa ɗakin. Taga biyu a bango ɗaya ba sa yin wannan aikin. Silin kuwa, duk da kyansa, ba abokin madafar itace ba ne.

Gefen da aka ajiye madafar ma magana ce. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, da damina kuma ta juyo daga kudu maso yamma. Ke nan madafar da ke arewa maso gabashin ɗakunan kwana za ta riƙa tura musu hayaƙi duk tsawon sanyi, lokacin da kowa ya kulle ƙofa, wadda ke kudu maso yamma kuma ta yi haka da damina. Idan fili ya ba da dama, arewa maso yamma ko kudu maso gabas ya fi, domin a nan iskar kowane lokaci gefe take bi da hayaƙin. Ƙofar kuma kada ta kalli gabas. Tsofaffin magina sun san daga can hadari ke tasowa, feshin ruwansa kuma ba ya barin itace a bushe.

Gas ko itace: tambayar da aljihu ke amsawa

Matashin da ya yi karatu a Zariya ko Kaduna yakan dawo da hoton kicin na zamani a ka: tayil, kabad, murhun gas, komai a ɗaki guda a rufe. Gwamnati ma can ta dosa. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana "shekaru goma na gas", a 2024 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. Sai dai farashi bai bi takarda ba. Cika tukunya mai kilo 12.5, wanda bai wuce kimanin naira 4,000 ba a farkon 2021, ya haura naira 15,000 kafin ƙarshen 2024. Cire tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara kuɗin dakon kaya zuwa garuruwa irin waɗannan, kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin talaka.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Gidan da ya sayi gas yana dafa shayi da taliya da shi, amma wake da tuwon mutum goma sha biyar na itace ne, ko kara, ko totuwar masara, waɗanda a yankin noma kusan kyauta ake samu. Ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar wata, sai a shigo da kurfoti na gawayi cikin kicin ɗin nan mai silin da tagar gilashi. A nan haɗari ya fi muni, domin gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana iya kisa a rufaffen ɗaki.

Saboda haka tsari mafi gaskiya shi ne a gina madafa don makamashi biyu tun daga farko. Ɓangaren ciki na gas da wanke-wanke da ajiya, sai rumfa mai buɗaɗɗen gefe a jikinsa don itace da gawayi, da ƙofa a tsakani. Ita tukunyar gas gara ta zauna a waje, a inuwa, cikin keji mai shan iska, nesa da wutar murhu, tiyo ya ratso bango. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka ɓangaren cikin ma yana bukatar huda kusa da daɓe. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, abin da ya kamata mai sayen ta hannu ya duba a jikinta.

Awon da ya dace da tuwo

Tunanin auna kicin da taku ya samo asali ne daga Turai da Amurka. A 1926 wata masaniyar zanen gini 'yar Austriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗan ƙaramin kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4 don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, aka gina kusan 10,000. A shekarun 1940 masana a Jami'ar Illinois suka fito da ƙa'idar kusurwa uku: murhu, wurin wanki da firij, jimillar tazararsu kada ta gaza kimanin mita 4, kada ta wuce 8.

Manufar tana da kyau, wato rage zirga-zirga, amma kusurwoyinmu daban ne. Inda wuta ba ta tsayawa, firij ba ya cikin lissafi. Namu ukun su ne murhu, randa ko duro, da ɗakin ajiyar hatsi. Idan ruwa na wancan ƙarshen tsakar gida, mai girki za ta yini tana ratsa wurin wasan yara, wani lokaci da tafasasshiyar tukunya a hannu.

Haka ma tsayin kanta. Santimita 90 da magina ke kwaikwayowa an yi shi ne don yanka da suya a tsaye. Ba a tuƙa babbar tukunyar tuwo a wannan tsayin, muciya na son a danno ta daga sama, tukunya a ƙasa, mai tuƙi a kan kujera 'yar tsugunno. Turmi kuma yana fasa tayil, taɓarya na bukatar sarari a sama. A bar musu daɓen siminti mai kauri a rumfa. Gidan da ake rabon kwanan girki tsakanin mata biyu ko uku, kabad ɗaya mai makulli ɗaya rigima ce aka gina da siminti.

Ruwan wanke-wanke ya samu rariyarsa zuwa ramin da aka tanada, ba ya kwanta a lungu yana tara sauro ba. Shadda ta yi nesa da rijiya, mita 30 ake so inda fili ya isa. Buhunan hatsi a ɗora su kan katako, ƙofar ajiya ta rufe ruf har ƙasa, saboda ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa abinci yake bi.

Wa ake tambaya?

Yawancin waɗannan gyare-gyare ba su kai kuɗin fentin falo ba. Abin da ke hana su shi ne wurin da ake yanke shawara. A zaure ake zama, maigida da magini da mai kawo bulo, babu ɗaya a cikinsu da ke hura wuta sau uku a rana. Wadda ta san inda hayaƙi ke taruwa da inda ruwa ke shigowa tana cikin gida, sai an gama a nuna mata.

Akwai kuma gurbin hukuma. Duba ingancin muhalli a gidaje aikin duba-gari ne na ƙananan hukumomi, kuma a Makarfi aka kafa Kwalejin Shehu Idris da ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya. Matasan da ke bin 'yan takarar kansila da ciyaman suna da tambayoyin da za su iya kai musu: duba-gari nawa ne ke aiki a ƙaramar hukumar, yaushe rabon da a ɗauki sababbi, kuma me manufar 2024 ta kawo wa mazaɓar, murhu mai rage hayaƙi ne ko wurin cika gas a kusa. Kafin amsar ta zo, mai shirin gyara a wannan rani zai iya zana madafar da toka a ƙasa, ya kira masu girki su jera tukwane da randa da turmi a ciki, su dafa abincin yini ɗaya, sannan a kira magini.