Kalmar "Sure": Daga Ina Ta Fito, Kuma Me Take Ɗauke Da Shi?

A wannan wata za mu duba wata 'yar kalmar Turanci mai harufa huɗu wadda ta zauna daram a bakin mutanen zangunanmu, har da waɗanda ba su taɓa shiga ajin boko ba. Kalmar ita ce "sure", wadda akasarinmu muke furta ta "shuwa", ko da yake ba abin da ya haɗa ta da Larabawan Shuwa na yankin Tafkin Cadi. In ka tambayi yaron mota a tasha ko motarsu za ta tashi kafin azahar, da ita zai amsa maka. Haka tela in ka tambaye shi ko ɗinkinka zai fito kafin salla, haka wanda kake bi bashi in ka tambaye shi zancen ƙarshen wata. Kowa ya san abin da ake nufi, wato tabbas, babu shakka. To amma da muka bi salsalar kalmar, sai muka tarar ba da wannan ma'ana aka haife ta ba, kuma ma'anarta ta asali tana da amfani ga duk wanda yake ciniki ko yake karɓar alkawari daga bakin mutane.

Asalinta A Ƙasar Rum

Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen Rumawan dā. Suna da wata kalma "securus", wadda aka haɗa daga gaɓoɓi biyu: "se", wato ba tare da, da kuma "cura", wato damuwa ko kula. Saboda haka wanda aka kira da wannan suna shi ne mutumin da ba shi da damuwa, wanda Bahaushe zai ce hankalinsa a kwance yake, ya saki jiki. A lura da kyau, kalmar tana bayanin halin da zuciyar mutum take ciki ne. Mutum yana iya kwana da hankali kwance alhali ɓarawo yana bayan danga. Daga baya ne aka riƙa amfani da ita ga wuri ko hanyar da ba ta sa mutum fargaba.

Bayan da daular Rum ta yamma ta faɗi a shekarar 476, Latin bai mutu ba, sai dai ya rarrabu a bakin jama'ar ƙasashe dabam-dabam. A Sifen da Fotugal kalmar ta zama "seguro", a Italiya "sicuro". A ƙasar da ta zama Faransa kuwa, baki ya yi ta cin ta, kamar yadda namu bakin ya mai da Muhammadu Mamman, har harafin tsakiya da na ƙarshe suka zube, ta koma "seur", daga nan "sûr". 'Yar hular nan da ke kan wasalin alama ce ta harafin da ya ɓace. 'Yan kasuwarmu masu ƙetara iyaka ta Aflawo zuwa Lome, ko masu zuwa Wagadugu da Abijan, sun saba jin "bien sûr" a bakin masu Faransanci. To ita ce dai kalmar tamu, ta sake riga.

Yadda Ta Shiga Ingila

A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetara teku da rundunarsa, ya ci Ingila da yaƙi a wani wuri kusa da garin Hastings. Tun daga lokacin, har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da na alƙalai da manyan masu ƙasa, Turanci kuwa aka bar wa talakawa. Sai a 1362 ne aka kafa dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci a kotunan ƙasar. Kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun shige cikin Turanci, kamar yadda kalmomin Larabci suka shige cikin Hausa ta hanyar malamai da alƙalai da fatake.

Kalmar tamu tana cikin waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa, kuma ana samun ta a rubuce-rubucen Turanci na ƙarni na 14. A lokacin tana da ma'anoni da dama. Ana faɗinta ga wurin da ba shi da haɗari, da abokin da za a iya dogara da shi, da kuma mutumin da ba ya shakkar abin da ya sani. Har akwai zamanin da in an ce yarinya "sure" ce ga wane, ana nufin an yi musu baiko, magana ta ƙullu. Sannu a hankali ma'anar rashin shakka ta rinjayi sauran. Furucinta ma ya sauya, don da "s" ake fara ta a dā, sai a wajen ƙarni na 17 sautin ya koma "sh", rubutun kuwa aka bar shi yadda yake. Abin da ya sami kalmarsu ta sukari ke nan, wadda ake rubutawa da "s" ana furtawa da "sh". Amfani da kalmar ita kaɗai a matsayin amsa, wato a madadin "i" ko "to", ya fi yaɗuwa ne a Amurka, finafinai da rediyo kuma suka ƙara baza shi a duniya.

Wani abin mamaki shi ne sau uku Turanci yana aron wannan kalma guda. Tun kafin zuwan Wiliyam, Turawan Ingila sun are ta kai tsaye daga Latin a matsayin "sicor". Wannan ta ɓace a Ingila, amma 'yar'uwarta tana nan a Jamusanci, "sicher". Aro na biyu shi ne wanda ya biyo ta Faransa. Na uku kuwa masu ilmi ne na ƙarni na 16 suka koma littattafan Latin suka ɗauko "secure", wadda tushenta ɗaya da "security", sunan da yau muke ji ana kiran masu gadi da jami'an tsaro da shi. A zamanin marubucin nan Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, sau da yawa in an yi amfani da wannan kalma sakaci ake nufi, wato sakin jikin da ya wuce kima har ya jawo wa mutum halaka. Ashe su kansu Turawan dā sun san cewa kwanciyar hankali da tsira ba abu ɗaya ba ne.

'Ya'yanta Da Jikokinta

Daga cikin kalmomin da ta haifa akwai biyu da suka shafi rayuwarmu ta yau da kullum. Ta farko ita ce "surety", wato mutumin da ya tsaya wa wani a kotu wajen beli, ko a banki wajen rance. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin da ayarin fatake suke zuwa Salaga sayen goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, baƙon ɗan kasuwa yakan sauka ne a gidan maigidansa. Maigida shi ke ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, in kuma an sayi kayansa bashi, maigida shi ke tsayawa. In mai saye ya gudu, maigida zai biya daga aljihunsa, don sunansa shi ne jarinsa. Haka aka ci gaba da yi a kasuwar shanu ta Kumasi. Baƙo yana barci da hankali kwance ne saboda wani ya ɗauki damuwar a kansa.

Ta biyu ita ce "insurance", wadda Hausa ta mayar inshora. A 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan, kuma ba a daɗe ba aka fara kafa kamfanonin inshorar gobara. A wajen 1688 kuma wani mai suna Edward Lloyd yana da shagon sayar da kofi a birnin, inda masu jiragen ruwa da attajirai suke haɗuwa, wasu su karɓi kuɗi su ɗauki alkawarin biyan hasara in jirgi ya nutse. Daga wannan shago babbar kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo sunanta. A nan Gana ma, dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 a kan wannan tushe aka gina ta. Inshora ba ta hana jirgi nutsewa, ba ta hana mota karo, ba ta hana ciwo. Abin da take yi shi ne ta samar da wanda zai biya in abin ya faru.

Akwai kuma wata kalmar Turanci da ake musanya ta da tamu, wato "certain". Ita ma daga Latin take ta hanyar Faransa, amma tushenta dabam ne, yana komawa ga wani aikatau mai nufin tankaɗe ko rarrabe abu. Ke nan tabbacin da take magana a kai shi ne wanda ya rage bayan an yi tankaɗe da rairaya, an fid da tsakuwa daga tsaba.

Mu Fa, Me Muke Da Shi?

Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Muna da tabbas da tabbata, waɗanda suka fito daga wani tushen Larabci mai nufin kafuwa da tsayuwa daram, kamar turken da aka kafa. Muna da haƙiƙa da yaƙini, su ma daga Larabci. Muna da lalle, da ba makawa, da ko shakka babu. Muna kuma da sakankancewa, wadda ita ce ta fi kusa da abin da Rumawa suke nufi, domin wanda ya sakankance ya daina bincike, zuciyarsa ta huta. Bugu da ƙari, iyayenmu ba su yarda a yanke magana a kan gobe ba sai an haɗa da "in Allah ya yarda", ko da kuwa mai maganar yana da niyyar cika alkawari. Yaranmu da suke tashi da Hausa da Turanci da Tuwi a baki ɗaya sukan tattara duk waɗannan su zuba cikin kalmar aro guda, sai bambancin da ke tsakanin "na gani da idona" da "haka nake ji a raina" ya ɓace.

Inda Ake Cutar Mu Da Ita

Wani zai ce wannan ai zancen malaman harshe ne, ina ruwan mai talla da shi? To ga inda ruwansa yake. A bakin rumfunan caca na loto akwai masu sayar da lambobi biyu da suke kira "two sure", wato wai biyun da ba makawa sai sun fito. Mu yi lissafi. Lambobin daga 1 zuwa 90 suke, ana fitar da 5. Hanyoyin da za a iya haɗa lambobi biyu daga cikin 90 guda 4,005 ne, a cikin biyar ɗin da suka fito kuwa haɗi 10 kacal ake samu. Wato damar cin mutum kusan 1 ce cikin 400. Wanda yake yanka tikiti ɗaya kowane mako, bisa matsakaicin lissafi sai ya yi kusan shekara 8 kafin ya dace sau ɗaya. Da mai sayar da lambar ya tabbata da ita, da bai tsaya a rana yana tallarta ba.

Haka nan masu karɓar ajiya da alkawarin riba mai yawa kowane wata. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance guda 347 a rana ɗaya, masu ajiya da dama kuma suka sha wahalar jira kafin su ga kuɗinsu. Ga kuma masu yi wa samarinmu alkawarin biza da aiki a ƙasashen waje, a sayar da fili ko keken ɗinki a ba su, daga nan a neme su a rasa. Dukkansu da wannan kalma suke buɗe baki, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Ta ɗaya gefen, akwai 'yan'uwanmu da ake kira su sa hannu a takardar beli ko ta rance don kunya ko zumunci, ba tare da an karanta musu abin da ke ciki ba. Wanda ya sa hannun nan ya zama maigida irin na Salaga. In wanda ya tsaya wa ya gudu, shi za a kama da biya.

Saboda haka shawararmu ita ce, duk lokacin da wani ya ce mana "sure" a kan abin da ya shafi kuɗi ko tafiya ko aure, mu tuna cewa iyakar abin da kalmar ta shaida shi ne mai maganar ba shi da damuwa, ko kuma yana so mu daina damuwa. Sai mu tambaye shi da Hausa: ka gani da idonka ko ji ka yi? Wa zai tsaya in abin ya ɓaci, kuma an rubuta a gaban shaidu? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Mu ma in mun faɗe ta ga wasu, mu san alkawari muka ɗauka, alkawari kuwa kaya ne. In ba mu da tabbas, ba abin kunya ba ne mu ce "ina zato" ko "zan yi ƙoƙari".

Masu karatu da suke da wata kalmar aro da suke so mu bi asalinta, ta Turanci ce ko ta Faransanci ko ta harsunan maƙwabtanmu, sai su rubuto mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.